Keken Madam Herta

Wasim bai amsa ta'aziyyar da Raki ta yi masa ba. Wayarsa ya turo a kan teburin shagon shayin, ta zo ta tsaya daidai yatsunta.

"Ke ce wannan?"

Raki ta sunkuya ta duba. Ita ce, da hijabinta ruwan toka, tana tura keken guragu a tsakiyar Manchester. A cikin keken wata tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi, riƙe da 'yar ƙaramar tutar Isra'ila. A bayansu cincirindon mutane, kowa baki buɗe.

"Ni ce," ta ce.

"Ranar da aka ɗauki hoton nan, ranar ake tono Sanabil daga ƙarƙashin gini."

Sanabil ƙanwarsa ce, autarsu, tana karatun aikin jinya a Gaza. Raki ta san muryarta a waya, ta san dariyarta idan tana ƙoƙarin cewa "ina kwana" harshenta yana harɗewa. Saboda ita Raki ta taso daga Salford da sassafe ta shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Duk hanya tana shirya kalaman da za ta gaya masa, yanzu ko ɗaya ba ta tuna ba.

Ta yi masa bayani da wata murya da ita kanta ta ji kamar ta wata ce. Madam Herta ce, tsohuwar da take kula da ita bayan ta taso daga uni. Daga asibitin ido suke, suka bi ta cikin gari, sai suka faɗa tsakanin masu zanga-zanga, waɗannan a wannan gefen titi, waɗancan a wancan. Wani mutum da ya san tsohuwar ne ya soka mata tutar a hannu. Ita dai Raki hanya take nema ta fitar da keken.

"Kin taɓa gaya min Bayahudiya ce?"

"Ba ka taɓa tambaya ba."

Ya kalle ta da idanun da suka faɗa. Ya ce hoton ya kai Khan Yunis, can Gaza inda danginsa suke. A wajen zaman makoki aka miƙa wa mahaifiyarsa waya, aka ce ga surukar da ɗanki ya zaɓo miki. Ya ce abu ɗaya yake roƙonta, ta bar aikin. Raki ta ce council, wato ƙaramar hukuma, ta rage kuɗin kula da tsofaffi, an janye mai zuwa da yamma, idan ita ma ta daina zuwa babu mai yi wa matar wanka.

"To, kin zaɓa," ya ce.

Ya ɗauki wayarsa ya fita, ya nufi asibitin da yake aiki. Bai kira ta habibti ba, wato masoyiyata, sunan da bai taɓa rabuwa da ita bai faɗa ba.

Raki ta zauna tana jiran ta ji wani abu. Ba ta ji ba. Ta shanye shayin da ya huce, ta gyara kujerarsa ta mayar da ita ƙarƙashin tebur.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinta. Tun rikicin Jos, ranar da ƙanenta Habu ya fita sayo burodi bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba, zuciyarta ta sage kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Tana ci, tana karatu, tana dariya idan an yi abin dariya, amma komai daga nesa yake iso mata. Wasim ne mutum na farko da ya gane. Likitan gashin ƙashi ne, shi ya yi wa yayanta Falalu gashi lokacin da ya zame a ƙanƙara ya karye. Ita take raka yayan. Wata rana Wasim ya tambaye ta garinsu, ta ce Jos. Bai ce ayya ba, bai tambayi wa ya fara ba. Cewa ya yi, "Wa kika rasa?" Daga nan komai ya faro.

Daga shagon shayin ta hau bas zuwa unguwar Handsworth, gidan Yaya Falalu. Tutar Falasɗinu na rataye a tagar falo tun farkon azumi. Ta tarar hoton ya riga ta isa, ya zagaye zauren WhatsApp na ɗaliban Arewa, har wasu sun raɗa mata suna. Yaya Falalu bai ɗaga murya ba. Ya ce dama tun farko bai ga dacewar wannan nema ba. Mutumin da ba shi da ƙasar da zai kai ta, wanda danginsa ke bayan shinge, idan aka haihu ina za a kai yara ganin kaka? Yanzu ga shi da kansa ya ajiye ta. Ya ce Nuru, wanda shi ma yake neman aurenta, ya zo jiya, duk da wannan abin kunya ya ce har yanzu yana ciki. Ɗan gida ne, an san iyayensa a Bauchi, ya kusa gama digirinsa na uku a Manchester.

"Me kika ce?"

"To," in ji Raki.

Anti Hajo, matar yayan, ta ɗago daga yankan albasa ta dube ta.

Haka watan Agusta ya ja jiki. Nuru yana zuwa Salford da leda cike da tsaraba, yana zuba zance, masoyiyata kaza, tauraruwata kaza. Raki tana cewa na gode. Idan ya tafi ta raba wa maƙwabtan flat ɗinsu kayan.

Gidan Madam Herta ma shiru ne. Tsohuwar ta haura tamanin, ita kaɗai ce a wani tsohon gida a unguwar Yahudawa ta Salford. 'Yarta ɗaya tana aure a Ashkelon ta Isra'ila, jikanta Yo'av kuma an kira shi soja tun da yaƙin ya ɓarke. Wayar gida tana kan cinyarta wuni guda. Abinci sai Raki ta yi ta lallashi kafin ta ci cokali biyu. Raki ta daɗe da sanin ka'idar kicin ɗin, kwanukan nama daban, na madara daban. Ita kuma tsohuwar ta san lokacin la'asar, takan nuna agogo da haɓa ta ce, je ki yi sallarki, ba inda zan gudu. Da azumi juya baya take yi idan za ta sha ruwa.

Amma idan aka kunna labarai sai fuskarta ta ɗaure. Takan ce su suka fara harbo rokoki, 'yata a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take kwana. Raki takan ci gaba da aikinta. Tana taje mata gashi, tana kallon gine-ginen da suka zama tsibin ƙasa a talabijin, tana tunanin ko a cikin wanne aka tono Sanabil.

Wata Juma'a da rana wayar Raki ta yi ƙara. Wasim ne. Ya ce yana Manchester, ya zo ne su rabu kamar mutanen kirki, don ba a koya masa barin mace a shagon shayi ba. Ta ce tana aiki sai yamma, ta gaya masa sunan titin. Can ta leƙa ta taga ta gan shi a tsallake, jingine da katangar wani gida, hannu a aljihu. Ya rame. Ta san ba zai tsallako ba.

Tana cikin kallonsa ta ji ƙarar faɗuwa.

Madam Herta ce ta yunƙura ita kaɗai za ta ɗauko wayar da ta suɓuce mata, ta kife tsakanin gado da kujera. Raki ta gwada ɗaga ta, tsohuwar ta yi wata ƙara da ta sa ta sake ta. Ta kira motar asibiti, aka ce tunda tana numfashi kuma ba jini, sai ta jira, layi ya yi tsawo. Raki ta sa mata matashi a ƙarƙashin kai, ta fita ko takalmi babu.

"Ba don ni ba," ta ce masa. "Ta faɗi. Ban sani ba ko ta karye."

Ya dubi gidan, ya dubi ƙafafunta a kan kwalta. Ya tsallako.

A ɗakin ya durƙusa kamar yadda ya saba a asibiti. Ya tattaɓa ƙugun, ya sa ta motsa yatsun ƙafa, ya lanƙwasa gwiwar a hankali yana kallon fuskarta. Ya ce yana ganin ba karaya ba ce, amma a bar masu motar su zo su tabbatar. Ya nuna wa Raki inda za ta riƙe, suka ɗaga ta suka ɗora a gado. Ya juya zai fita, sai tsohuwar ta kama hannun rigarsa.

"Kai ne saurayin Birmingham? Daga ina kake, ɗana?"

"Gaza."

Ba ta saki rigar ba. Ta ce jikanta yana can.

"Na sani," ya ce. "Ƙanwata ma tana can. A ƙarƙashin ƙasa."

Raki ta tsaya riƙe da bargo. Ta yi zaton zai fizge hannunsa. Madam Herta ta tambaye shi sunanta. Ya faɗa. Ta maimaita, ta yi kuskure, ya gyara mata, ta sake faɗa daidai. Ta ce a al'adarsu idan an je gidan makoki ba a kawo wata hira, sai dai a ce a ba mu labarin mamacin. Ta ce ya zauna ya ba ta labarin Sanabil.

Ya ce bai zo neman tausayinta ba. Ta ce ba ta da shi da yawa dama, kunne kawai gare ta.

Bai zauna a kujera ba, a bakin akwatin da ke jikin bango ya ɗosana. Da farko kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa. Ya ce tana tsoron kyankyaso amma ba ta tsoron jini. Ya ce ta ari rigar sanyinsa tun yana gida ba ta mayar ba. Ya ce burodi take rabawa a makarantar da mutane suka fake, ta koma gida ɗauko wa mahaifiyarsu magani. Raki ba ta taɓa jin wannan ba. Tun rasuwar bai gaya wa kowa ba.

Daga nan maganar ta yi zafi. Tsohuwar ta ce 'yarta ma ba ta barci, rokoki suna faɗowa Ashkelon, yara na fitsarin kwance don tsoro. Wasim ya ɗago kai.

"Ashkelon? Majdal sunanta. Garin kakana ne. Masaƙi ne, yana da ɗakin saƙa kusa da masallacin kasuwa. A mota aka zuba su aka kai su Gaza."

Madam Herta ta rufe ido. Ta ce ta san masallacin. An mayar da shi gidan tarihi, ta taɓa zama a gindinsa ta sha shayi da jikokinta. Sannan ta ce ita a Vienna aka haife ta. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka saka ta a jirgin ƙasa da wasu yara don su tsere wa 'yan Nazi, suka ce suna nan tafe a baya. Ba su zo ba. Bayan ta yi aure ta haihu ta koma garin, ta hau benen gidansu ta ƙwanƙwasa. Wata mata ta buɗe, ta ce ba a taɓa yin masu wannan suna a gidan nan ba. Ta kan kafaɗar matar tana hango agogon bangon mahaifinta.

"Ashe kin sani," in ji Wasim.

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa ranar da na zauna a gindin masallacin nan ban tambayi inda masu sallar suka tafi ba."

Wasim ya ce shi fa bai yafe ba. Ta ce ba ta roƙe shi ba, kuma gobe ma za ta yi wa jikanta addu'a ya dawo da rai. Ya ce haƙƙinta ne, shi ma da kakarsa tana raye haka za ta yi. Daga nan ya tambayi Raki ko matar ta ci wani abu yau. Ta ce a'a. Ya ce a kawo mata miya, ba a barin wanda ya faɗi da yunwa. Madam Herta ta sha rabin kwano, tana sha tana kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa.

Sai wajen la'asar masu motar asibiti suka zo. Da suka shiga ciki, Raki ta raka Wasim bakin ƙofa. Can ya ce ya zo da jawabin rabuwa, ya haddace shi a jirgi, amma yanzu ya gaji.

"An yi min miji," ta ce. "Na ce to."

"Kina son sa?"

"Ban san me nake ji ba, Wasim. Na daɗe ban sani ba. Abin da na sani, da na ga ka tsallako titin nan, na ji ƙafafuna suna min zafi."

Ya kalli ƙafafun, har lokacin ba takalmi.

"Habibti," ya ce a hankali, "shiga ki sa takalmi."

Ranar Asabar ta tafi Handsworth. A kicin Anti Hajo ta ja ta gefe, ta ce akwai abin da ya tsaya mata a rai. Ta bi diddigin hoton nan a wurin matan ɗalibai, kowa ta tambaya sai ya ce daga wayar Nuru ya fito. Yana cikin masu zanga-zangar ranar, shi ya ɗauka, shi ya tura wa wani Balarabe da suke ɗakin bincike ɗaya, yana sane da cewa ɗan garinsu Wasim ne. Raki ta saurara kamar labarin wata ake ba ta. Ta wanke hannu ta shiga falo.

Ta durƙusa ta gaishe da Yaya Falalu, ta ce ta janye amincewarta. Ta gaya masa dalili. Ya kira Nuru a waya a gabanta. Nuru ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya ce kishin addini ne ya ɗebe shi. Yaya Falalu ya kashe wayar. Ya ce to Nuru ya fita, amma wannan bai sa Wasim ya samu ƙasa ba.

Raki ta kalli tagar.

"Yaya, ka rataya tutarsu a tagarka, kana zuwa London yi musu tattaki. Ɗaya daga cikinsu ya zo ƙofarka da mutunci ka ce ba shi da ƙasa. Mu da muka bar Jos da kayan jikinmu, wa ya tambaye mu takardar gida kafin ya ba mu tabarma?"

Ya tashi ya ɗauki carbinsa ya tafi masallaci. Sai da aka kwana biyu ya ce da Anti Hajo ta ce wa Wasim ya zo ya gan shi, kuma ya zo da wani babba. Ya kira Baba a Bauchi, suka daɗe suna magana. Baba ya tambaya ko yana salla, ko yana da sana'a, aka ce e. Ya ce to Allah ya sa albarka.

An tsagaita wuta a ƙarshen watan. Madam Herta ba ta ƙara iya zama ita kaɗai ba, aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi na al'ummarsu. Wasim yakan raka Raki dubiya idan ya shigo Manchester. Yana duba wa tsohuwar ƙugu, suna musu a kan labarai har mai aikin wurin ta leƙo. Ba su taɓa yarda da juna a kan wa ya fara ba, ba su kuma taɓa rabuwa bai gyara mata matashi ba.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Handsworth. Ba kiɗa, ba taro, don dangin ango suna cikin makoki. Anti Hajo ta yi waina da miyar taushe, abokan Wasim suka kawo shinkafa da rago. Abu ɗaya ya rage. Mahaifiyarsa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tun ranar hoton ba ta ƙara ambaton sunan Raki ba.

Da yamma, mata suna tattara kwanuka, Wasim ya leƙo ya yafito ta zuwa ƙasan bene. Wayar na hannunsa, hoton yana yankewa yana dawowa. Wata dattijuwa ce cikin baƙin mayafi, zaune a jikin bangon da aka toshe da bargo. Raki ta gaishe ta da ɗan Larabcin Islamiyya. Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi magana, Wasim yana fassarawa.

"Na riga na ba ta labarin tsohuwar. Tana tambaya, jikanta ya dawo?"

"Ya dawo," in ji Raki.

Dattijuwar ta gyaɗa kai. Ta kalli gefe, inda ba a ganin komai, ta faɗi wasu kalmomi kaɗan. Wasim ya fassara.

"Ta ce tata ba ta dawo ba."

Suka zauna a haka su uku, layin yana shuu. Can matar ta matso da fuskarta jikin wayar, ta kira sunan Raki, ta faɗe shi daidai. Ta tambaya ko gaskiya ne ita ma ta rasa ƙane, kuma ba a ga gawarsa ba. Raki ta ce gaskiya ne. Ta tambayi sunansa, Raki ta ce Habu.

Matar ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta haɗa sunayen biyu. Sannan ta nuna ɗanta da yatsa ta faɗi magana ta ƙarshe kafin layin ya yanke. Wasim ya tsaya da wayar a hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce na rame. Ta ce ki tabbatar ina cin abinci."

Raki ta miƙe ta gyara mayafinta, ta shiga kicin ta tambayi Anti Hajo ko wainar ta rage.